RIJIYAR KUSUGU: TARIHINTA, FASALINTA DA AMANAR DA TA ƊORA MANA

Gabatarwa

Kowane birni da ya amsa sunansa yana da wani wuri guda wanda ake fara kai baƙo idan ya zo, domin a nan ne birnin yake gabatar da kansa ga duniya. Wasu garuruwan da hasumiya suke taƙama, kamar yadda 'yan'uwanmu Katsinawa suke yi da Gobarau. Wasu da dutse, kamar Dala a Kano. A ƙasashen Turai da na Larabawa kuwa, birane da dama sun shahara ne da manyan maɓuɓɓugan ruwa waɗanda sarakuna suka gina a tsakiyar gari, aka ƙawata su da sassaƙa da zayyana. Mu a Daura abin da Allah Ya ba mu rijiya ce, wato Kusugu. Ba ta da tsayin hasumiya, ba ta kuma fesa ruwa sama, amma babu wani mashayin ruwa a duk faɗin ƙasar Hausa da sunansa ya kai nata nisa.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu waiwayi tarihin wannan rijiya, mu dubi fasalinta da dalilin da ya sa ta kasance yadda take, mu auna ta da takwarorinta na wasu ƙasashe, sa'an nan mu tambayi kanmu abin da take nema daga gare mu a yau. Abin da muke son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, labarin Kusugu labari ne na ruwan da aka hana mutane sa'an nan aka buɗe musu shi, kuma a kan wannan buɗewa ce kakanninmu suka aza harsashin sarauta.

Yadda labarin yake a bakin magabata

Ruwayoyin da muka gada sun nuna cewa kafin zuwan Bayajidda mata ne suke mulkin wannan ƙasa, ana kiran kowace daga cikinsu Magajiya. Girgam, wato kundin da ya tattara sunayen sarakunan Daura, ya fara jerin nasu ne da Kufuru. Mazauninsu na farko shi ne Tsohon Birni, wanda kufansa yake arewa da garin nan, daga baya Magajiya Daurama ta taso da jama'arta zuwa inda muke yanzu, garin kuma ya ɗauki sunanta. Duk wanda ya san yanayin ƙasarmu ya san ba a kafa gari sai an tabbatar da ruwa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce rijiya ce ta zama cibiyar sabon mazaunin.

Sai dai kuma, in ji masu ba da labari, rijiyar tana da mai ita. Wata macijiya ce da ake kira Sarki take zaune a ciki, ba ta barin kowa ya ja ruwa sai ranar Juma'a. Daga mako sai mako mutanen gari sukan taru su cika tuluna da randuna, sa'an nan su yi ta tattalin abin da suka samu har wata Juma'ar ta zagayo.

Ana cikin wannan hali sai ga baƙo ya iso da dare. Shi ne Abu Yazid, ko Bayajidda, wanda aka ce ɗan Sarkin Bagadaza ne. Ya biyo ta Borno inda ya auri 'yar Mai, daga baya zama ya gagara ya yiwo yamma, ya bar matarsa a Garun Gabas ta ƙasar Haɗejiya, inda ta haifi Biram. Ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa makami. Da ya shigo Daura sai ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwan da zai sha ya kuma shayar da abin hawansa. Tsohuwa ta shaida masa cewa yau ba ranar ruwa ba ce. Ya karɓi gugarta, ya nufi rijiya, ya zura. Macijiya ta riƙe guga, ya jawo ta har kanta ya fito, ya sare shi. Ya ɗebi ruwansa, ya koma masauki da kan a cikin jaka.

Da gari ya waye aka ga gangar jiki a bakin rijiya. Magajiya ta yi shelar cewa duk wanda ya yi wannan aiki za ta raba gari biyu ta ba shi rabi. Masu da'awar ƙarya suka yi ta fitowa, amma babu wanda ya iya kawo kan da ya dace da jikin, har sai da Ayana ta tuna da baƙonta. Da aka kawo shi ya fito da kan, sai ya ce shi ba rabin gari yake so ba, auren Magajiya yake nema. Daga wannan aure aka sami Bawo, daga kuyangar da Magajiya ta ba shi kuma aka sami Karɓagari. 'Ya'yan Bawo shida, wato Gazaura a Daura, Kumayau a Katsina, Bagauda a Kano, Gunguma a Zazzau, Duma a Gobir da Zamnakogi a Rano, tare da Biram, su ne suka kafa Hausa Bakwai. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake yi wa garinmu kirari da tushen Hausa.

Abin da masana tarihi suka ce

Wajibi ne mu faɗi gaskiya cewa masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da wannan labari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri wanda ya kammala a 1812, ya ambaci Bawo a matsayin wanda sarakunan Hausa suka fito daga tsatsonsa, amma ya danganta shi da Borno. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, shi ma ya ji wani nau'i na labarin lokacin da ya ratsa ƙasar Hausa a shekarun 1850. H. R. Palmer ya buga fassarar Girgam cikin littafinsa Sudanese Memoirs a 1928, kuma a lissafinsa Bagauda ya fara sarautar Kano ne a shekarar 999, abin da ya sa mutane da yawa suke ajiye zamanin Bayajidda a wajajen ƙarni na 10.

Shi Palmer, da kuma W. K. R. Hallam wanda ya yi rubutu a kan batun a 1966, sun yi ƙoƙarin haɗa sunan Bayajidda da Abu Yazid, wani Babarbaren Arewacin Afirka da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye aka kashe shi a 947. A ganinsu, ƙila magoya bayansa ne suka tsallako Sahara bayan an ci su da yaƙi. Shi kuwa Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, a wata maƙala da ya fitar a 1970, ya ja hankalin ɗalibai da kada su ɗauka cewa wani baƙo ne guda ya zo ya ƙirƙiri Hausawa ko ya koya musu mulki, domin birane da sarautu sun tsiro ne a hankali daga noma da fatauci da ƙira da haɗuwar jama'a. M. G. Smith ya rubuta littafi sukutum a kan tsarin mulkinmu, The Affairs of Daura, wanda ya fito a 1978, inda ya nuna yadda labarin ya zama madogara ga sarautu da dangantakar da ke tsakaninsu.

Mu a namu ganin, wannan saɓani bai rage wa Kusugu komai ba. Labarin da kansa ya shaida cewa Bayajidda ya tarar da gari, da sarauniya, da fada, da rijiya, da maƙera a Gaya. Ashe ke nan rijiyar ta girme shi. Abin da labarin ya adana mana shi ne tunawa da wani gagarumin sauyi: mulki ya tashi daga hannun mata zuwa na maza, tsohuwar al'adar tsafi da ta ɗaure ruwa ta karye, kuma aka sami sabuwar yarjejeniya tsakanin mai mulki da talakawansa. Har wasu masu ba da labari suna cewa daga laƙabin Makas-Sarki, wato wanda ya kashe Sarki, aka sami kalmar sarki da muke amfani da ita. Ko masana harshe sun yarda da wannan ko ba su yarda ba, ma'anar da magabata suke nufi a fili take: wanda ya cancanci a kira shi sarki shi ne wanda ya kawar da abin da ya tsaya tsakanin jama'a da ruwa.

Idan muka leƙa maƙwabta za mu ƙara gane nauyin wannan ma'ana. Mutanen Soninke na tsohuwar daular Gana suna da labarin wani maciji mai suna Bida wanda ake ba shi budurwa a matsayin hadaya. Da wani saurayi ya kashe shi, sai fari ya auka wa ƙasar Wagadu, zinariya ta ƙaura, jama'a suka watse. A ƙasar Sanwai kuma, Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'di ya kawo labarin baƙon da ya kashe wani kifi da ake bauta wa a Kukiya, aka naɗa shi sarki. A Wagadu kisan macijin ƙarshen daula ne. A Daura kuwa mafarin dauloli bakwai ne, kuma ruwan bai ƙafe ba.

Maɓuɓɓugan ruwa a manyan biranen duniya

Domin mu fahimci fasalin Kusugu, yana da kyau mu dubi yadda wasu al'ummu suka girmama ruwan jama'a. A birnin Rum na ƙasar Italiya akwai maɓuɓɓugar Trevi, wadda Nicola Salvi ya tsara, aka fara gininta a 1732 bisa umarnin Fafaroma Clement na 12, aka kammala a 1762 bayan rasuwar mai tsarin. Tsayinta ya kai kimanin mita 26, faɗinta kuma kimanin mita 49. Ruwan da take zubarwa yana zuwa ne ta wata tsohuwar hanyar ruwa da Rumawa suka shimfiɗa tun shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda take ɗauko shi daga marmaro a bayan gari.

A duniyar Musulmi kuwa an fi sanin irin wannan gini da sunan sabil, wato ruwan da aka bayar fi sabilillahi. A Istanbul, wadda kakanninmu suke kira Santambul, Sarki Ahmad na 3 ya gina wata a 1728 a gaban ƙofar fadar Topkapi, mai fuska huɗu, kowace da famfonta, a kusurwoyinta kuma akwai tagogin da ake miƙa wa masu wucewa ruwa kyauta. A Alƙahira an saba haɗa sabil da makarantar allo, ruwa a ƙasa, yara suna karatu a bene, kamar wadda Abdurrahman Katkhuda ya gina a 1744. Tun kafin waɗannan, Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa wajen jawo ruwa zuwa Makka domin alhazai, aikin da har yau ake kira Ainu Zubaida.

Amma misalin da ya fi kusa da namu shi ne na rijiyar Ruma a Madina. Mai ita yana sayar da ruwanta, abin ya yi wa Musulmi nauyi, sai Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da a saye ta a bar wa jama'a. Sayyidina Usman ɗan Affan (RA) ya saye ta ya mayar da ita waƙafi. Ba a yi mata sassaƙa ba, ba a kuma ɗaga ruwanta sama ba. Darajarta ta zo ne daga cewa ruwan da ake yi wa shamaki ya zama na kowa. A wannan sahu Kusugu take.

Fasalin Kusugu da hikimar da ke ciki

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana magabatanmu gina irin waɗancan maɓuɓɓuga? Amsar tana cikin ƙasa da yanayi. Kafin zuwan injin, ruwa ba ya tashi sama sai idan daga wuri mafi tudu aka jawo shi, nauyinsa ne yake tura shi ya fito da ƙarfi. Rum da Istanbul suna kewaye da tuddai da marmaro. Ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce mai rairayi, daminarta wata uku zuwa huɗu ce, sauran shekara kuwa hunturu ne da ƙurarsa, sai bazara da zafinta. Ruwan da aka baza a fili a irin wannan yanayi rana ce da iska za su shanye shi, abin da ya rage kuma ƙura ta gurɓata. A nan, wanda yake son ya adana ruwa ɓoye shi yake yi a ƙarƙashin ƙasa.

Saboda haka gwanintar magabatanmu ƙasa ta nufa. Rijiya irin ta gargajiya tana buƙatar sani iri uku. Na farko shi ne sanin wurin da za a haƙa, wanda masu sana'ar suke ganewa ta duban gangaren ƙasa, da irin itatuwan da suke tsirowa, da inda danshi yake daɗewa bayan damina. Na biyu shi ne haƙar kanta: a zagaye ake yin ta, domin ramin da yake zagaye ya fi jure matsin ƙasa daga kowane ɓangare, kuma ana tsuke bakin domin rage abin da rana take sha da abin da iska take zubawa. Na uku shi ne kulawa, wato yasa a kai a kai domin fitar da laka da abin da ya faɗa, da gyaran baki kada ya zube. Rijiyar da ta yi ƙarnoni tana ba da ruwa shaida ce cewa wanda ya zaɓi wurin ya san aikinsa, kuma waɗanda suka biyo baya ba su yi sakaci ba. Dattawanmu sun tabbatar da cewa ba a san Kusugu da ƙafewa ba.

Wurin da take shi ma abin lura ne. Tana cikin tsohon gari, a tsakiyar gidajen jama'a, ba nisa da fada. A tsarin birnin Hausa, fada da masallaci da kasuwa da rijiya su ne ginshiƙan gari, ganuwa kuma ta kewaye su. Birnin da ruwansa yake bayan ganuwa ba ya jure zaman yaƙi, domin abokin gaba zai zauna ne a bakin ruwan ya jira ƙishirwa ta buɗe masa ƙofa. Bakin rijiya kuma shi ne dandalin gari na farko. A nan mata suke haɗuwa da tuluna da gammo, a nan fatake suke shayar da dabbobinsu, a nan labari yake shiga gari ya kuma fita.

A zamanin baya-bayan nan an ɗaga bakin rijiyar, an kuma kewaye ta da gini mai rufi da ƙofa, ta yadda yanzu sai an shiga ciki ake ganinta. Wannan ya kare ta daga ƙura da shara da haɗarin faɗawar yara da dabbobi. Ya kuma sauya matsayinta daga rijiyar unguwa zuwa wurin ziyara. Duk da haka guga da igiya suna nan, baƙo yakan ja ruwan ya sha, ya kuma zuba a gora ya tafi da shi gida tsaraba. Akwai masu ɗaukar ruwan a matsayin magani. Mu dai mun san waraka ta Allah ce, kuma albarkar da ba a jayayya a kanta ita ce wadda ido yake gani: ruwa mai sanyi a ƙasar da ruwa yake da tsada.

Rijiyar da sarauta

Tarihin Daura bai tafi a miƙe ba. A 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Malam Ishaƙu ya karɓi garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka ci gaba da sarauta a wurare irin su Zango da Ɓaure har kusan shekara ɗari. A farkon mulkin Turawa aka dawo da tsohon gidan sarautar, Malam Musa ya taso daga Zango ya zauna a Daura, abin da bai faru a sauran manyan masarautun da jihadi ya ci ba. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sa'an nan Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar ya hau gadon a 2007. A tsakanin nan an shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa wadda ta raba ƙasar Daura ta dā gida biyu, wani sashe ya faɗa cikin Nijar ta yau. Mun zauna a Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, aka sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976, sa'an nan aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987.

Duk waɗannan sauye-sauye sun zo sun wuce, Kusugu tana inda take. Wanda ya ci gari da wanda aka ci, duk daga gare ta suka sha. Fada kuma ba ta yar da abubuwan da suke tuna mana da labarin ba. Takobin da ake dangantawa da Bayajidda yana ajiye a cikin kayan sarauta. Sarautar Magajiya tana nan da martabarta, Hawan Magajiya yana cikin bukukuwan sallarmu, ga kuma Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal, wadda take jawo jama'a daga ciki da wajen ƙasar nan. Waɗannan duka rassa ne, rijiyar ita ce saiwa.

Inda gizo yake saƙa

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu hisabi. Hausawa suna cewa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Garin da ya yi suna a duniya saboda an 'yantar da ruwansa bai kamata ya zama garin da mace za ta wayi gari tana lissafin jarkar da za ta iya saya daga ɗan garuwa ba. Daura ta faɗaɗa nesa da inda ganuwa ta tsaya, unguwanni sun ƙaru, makarantu da ma'aikatu sun ƙaru, kuma rijiya ɗaya, komai albarkarta, ba za ta shayar da wannan jama'a ba. Hukumomi sun gina madatsun ruwa a yankinmu, irin su Sabke da Dabiram, an haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa. Amma madatsa ba ta shayar da kowa sai injin yana aiki, bututu bai fashe ba, kuma akwai mai kula. A ƙauyukan Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, duk inda famfo ya lalace aka bar shi, yarinya ta bar makaranta ta tafi neman ruwa, to macijiyar nan ta dawo da wata kama. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Ita kanta Kusugu tana fuskantar haɗurran da magabata ba su sani ba. Rijiyar da take tsakiyar gidaje tana shan abin da ƙasar kewayenta ta sha. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da yake da wuya a cikin tsohon gari mai cunkoso. Kwata da ba ta gudu, da ledar da take toshe magudana, da yawan haƙa burtsatse barkatai wanda yake janye ruwan ƙarƙashin ƙasa, duk suna iya taɓa ta ba tare da an gani da ido ba. Akwai kuma wani haɗarin da yake zuwa da kyakkyawar niyya, wato gyaran da ake yi ba da shawarar masana kayan tarihi ba, inda za a lulluɓe tsohon abu da siminti da tayil har ya rasa kamanninsa. Mun ga yadda gine-gine suka cinye sassan ganuwa a manyan biranen ƙasar Hausa, kuma abin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu da niyyar ɗora wa kowa laifi. Abin da muke gani shi ne akwai ayyukan da ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko, a riƙa auna tsabtar ruwan Kusugu lokaci-lokaci, tunda baƙi suna sha, a kuma gyara magudanan unguwar da take ciki. Na biyu, duk wani gyara da za a yi wa ginin a yi shi da izinin fada da shawarar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, a kuma ɗauki hoto da ma'auni kafin a taɓa komai. Na uku, a zauna da dattawa da maroƙan fada da masu kula da rijiyar a naɗi abin da suka sani, a rubuta shi da Hausa da Turanci da Larabci, domin kowane tsoho da ya rasu da nasa sanin yake tafiya. Na huɗu, makarantunmu su riƙa kai yara wurin, a koya musu labarin tare da abin da masana suka ce a kansa, domin yaron da ya san duka biyun ba mai ruɗa shi.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne mu girmama Kusugu ta hanyar yin abin da labarinta ya koyar. Hadisi ya nuna cewa shayar da ruwa yana cikin mafifitan sadaka, ya kuma nuna cewa mutane abokan tarayya ne a cikin ruwa. Ɗan Daura da Allah Ya buɗa masa, ko a Kano yake, ko Abuja, ko Legas, ko wata ƙasa, zai iya ɗaukar nauyin famfo ɗaya a unguwarsu ko ƙauyensu, ya kuma ware abin gyara shi, domin haƙawa ba ta kai kulawa wuya ba. Kowace unguwa za ta iya kafa ɗan kwamitin da zai riƙa tara abin sayen kayan gyara kafin a jira hukuma. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kammalawa

Birnin Rum ya sa maɓuɓɓugarsa ta yi magana da marmara da gumaka, Alƙahira da Santambul suka sa nasu suka yi magana da zayyana da rubutu. Tamu rijiyar da labari take magana, kuma labarin gajere ne: an hana ruwa sai ranar Juma'a, wani ya zo ya mayar da kowace rana ranar ruwa, jama'a suka ce wannan shi ya dace da mulki. Magabata sun riƙe mana rijiyar fiye da yadda za mu iya ƙirga shekarun, suka miƙo mana ita da ruwanta. Ya rage namu mu miƙa ta ga na baya tana da tsabta, a cikin garin da babu gidan da yake jiran Juma'a kafin ya cika randa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ja zamanin Sarki, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.